Hannun Baffa na Dama

Ban yafe wa mutumin da ya ɗebi jinin mahaifina ba, kuma ba na jin zan yafe.

A shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola, babban asibiti ba wurin sa ƙafa, mutane kwance har a baranda. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya kwana biyar yana zazzaɓi. Wata maƙwabciya ta kwatanta mini wani ɗakin gwajin jini a Jimeta, bayan wani shagon magani, ta ce can babu layi. Na sa shi a keke mai ƙafa uku daga Wuro Hausa muka tafi.

Baffa maɗinki ne, aikin hannu yake yi a wuyan babbar riga. Da hannunsa na dama yake ciyar da mu, har da dangin da suka gudo suka cika mana gida. Ni ce 'yarsa ta fari, a gidanmu kuwa uba yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci ina kallo ba. Na san wannan sarai. Amma na bi shi har cikin ɗakin na tsaya masa a ka, wai ni mai boko zan sa ido.

Mai ɗiban jinin ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, yana ta surutu da wani. Ya ɗaure hannun Baffa da roba, ya soka allura, jini bai zo ba.

"Baba, jijiyan ka ya ɓuya fa," in ji shi da gurguwar Hausarsa.

Maimakon ya zare, sai ya shiga juya allurar a cikin nama kamar mai laluben tsoka a miya. Na ga yatsun Baffa sun zabura.

"Ya yi zafi?" ya tambaya, ko ɗago kai bai yi ba.

Baffa ya saci kallona, sannan ya mai da ido bango. "Babu komai," ya ce.

Mutumin ya ci gaba da lalube har ya samu abin da yake nema.

Zazzaɓin ya tafi cikin mako guda. Hannun kuwa ya kumbura ya yi baƙi, da ya saɓe sai babban yatsa da biyu na kusa da shi suka daina ji. Likitan da muka gani daga baya ya ce allurar ta taɓa jijiyar da ke kai ji ga yatsu. Ya ce zafinta kamar jan wutar lantarki ne, da an faɗa nan take da an zare.

Na koma ɗakin gwajin raina a ɓace. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina, na ce ko akuya ba za a ba shi ya duba ba. Ya bari na gama, yana danna waya.

"Madam, na tambaye shi, ya ce ba komai. Ai kai ma kana wurin."

Wannan maganar ta fi komai ƙona ni, don ba ƙarya ya yi ba.

Yau Baffa yana cin abinci da hannun, yana alwala, amma allura ba ta zama a yatsunsa. Ya gwada na wata da watanni, a ƙarshe ya mayar wa mutane rigunansu ba a gama ba. Ina jin haushin mutumin nan, ina jin haushin wannan kunya tamu da ta fi hannu daraja, kuma na sha faɗa a gaban kowa a gida.

Bara ina cikin wannan faɗan ƙanwata ta ja ni gefe. Ita auta ce, da ita Baffa yake hira. Ta ce ta taɓa tambayarsa me ya hana shi magana ran nan.

"Me ya ce?"

Ta ce, "Adda, cewa ya yi da ba kya ɗakin, da ya faɗa."