Matashin da Bai Taɓa Lotsewa Ba

Tsufa ya fara yi mini sata. Yau in nemi carbina in rasa, gobe in manta ko na ci abincin rana. Amma akwai abu guda da na tabbata ba zai iya ɗauke mini ba har in koma ga Mahaliccina, shi ne ranar da na farke wani tsohon matashi a tsakar gidanmu da ke unguwar Madabo a Kano, 'yan shekaru kafin a ba ƙasar nan mulkin kai.

Ni 'yar fari ce. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba, don ina ganin uwa ta rungume ɗanta na fari a gaban surukai, ta kira sunansa gatsal, ko a jikinta. A zamaninmu a cikin birni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma macen da ta fi iya ta ita ake yabo. Ana yaye ni aka kai ni unguwar Sheshe wurin kakata ta wajen uwa, wadda muke ce wa Iya. A ɗakinta na tashi. Idan na je Madabo na durƙusa na gai da mahaifiyata, Inna, sai ta kalli bango ta ce, "Lafiya." In kuma tana so a ba ni abinci, sai ta ce wa ƙannena, "Ku zuba wa waccan." Waccan, sunana ke nan a bakinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sana'arta. Inna gwanar ɗinkin hannu ce. Ƙyallayen da maɗinka suka zubar take aikawa a tattaro mata, guntun atamfa, guntun saƙi, guntun akoko, ta wanke ta shanya. Farin da ya yi datti ta aika da shi marina a Ƙofar Mata a tsoma shi a baba. Sai ta zauna a gindin bango ta harhaɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da allura layi-layi, ya zama ɗan bargon jariri. Ta kuma yi ɗan matashi ta cika shi da audugar rimi. Ba ta sayarwa. Duk gidan da aka haihu a unguwa, ranar suna za ka ga yarinya ta shiga da ƙunshi a ka, an ce in ji Inna. Ƙannena kowa da nasa. 'Ya'yan maƙwabta kowa da nasa. Har ɗan mai kawo mana ruwa sai da ya samu. Ni kaɗai ce ban taɓa jin an ce ga nawa ba.

Abin da nake da shi wani ɗan matashi ne baƙi-ƙirin na rini, wanda na buɗe ido na gan shi a gadon Iya. A ganina ita ta yi mini. Ina son matashin nan kamar me. Na yi kuka a kansa, na yi masa dalalar miyau, na goya shi a matsayin 'yartsana, na jefi kaji da shi, amma kullum yana nan tim, bai taɓa lotsewa ba. Na ƙawayena shekara guda sun zama kamar waina. Idan na tambayi Iya dalili, sai ta ce, "Kanki ne babu komai a ciki, ina zai samu nauyin danne matashi?" Haka muke da ita, ba ta raga mini, ba na raga mata.

Da aka yi mini aure na tafi da shi ɗakina. Mijina falke ne, harkar goro yake yi. Da cikina ya tsufa aka mai da ni Madabo goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, Iya kuma ta tattaro komatsanta ta dawo don ta yi mini wankan jego. A watannin nan ne aka aiko cewa maigida ya samu wurin zama a Kumasi, kuma da na yi arba'in za mu tafi. A lokacin, wanda ya tafi can sai dai a ce Allah ya sada mu, don wasu sai da furfura suke dawowa, wasu kuma labarinsu kawai ake ji.

Daga ranar na sa wa raina abu guda. Ba na so in bar Kano ban san matsayina a wurin matar da ta haife ni ba. Ba dogon zance nake nema ba. Ko da ɗan ƙyalle ne ta miƙo ta ce na abin da zan haifa ne, ya ishe ni guzuri.

Sai na zuba ido. Kullum da hantsi tana gindin bango da allura, ni ina daga rumfa ina tsinken zogale ina satar kallonta. Tana koya wa ƙanwata ɗinki, da murya sama-sama kamar mai magana da kurma. "Bakin matashi ki naɗe shi ciki, ki rufe da jan zare. Ranar da za ki ƙara rimi, jan ne zai nuna miki inda za ki farke, ba sai kin yanka ƙyalle ba." Ƙanwar tawa tana gabanta, gwiwa da gwiwa. Na ce a raina, wannan ihu na mene ne? A watannin nan ta gama barguna har na gidaje uku, kowanne ina cewa ko nawa ne, kowanne kuma ina kallo aka fita da shi.

Allah ya sauke ni lafiya, na samu ɗa namiji. Ranar suna gida ya cika maƙil, aka yi ta shigo da ƙwarya da fanteka. Ina ɗaki an ci kwalliya, amma idona yana ƙofa. Har taro ya watse babu bargo, babu matashi. Inna dai ta ɗauki yaron, don jika ba a kunyarsa, ta ɗaga shi tana cewa, "Wannan ne mijin nawa? Da wannan hancin? Ku mayar, ban yaba ba." Mata suka yi ta dariya. Ni ko kallo ban ishe ta ba. Na juya fuska bango na share hawaye, Iya ta ce yajin jego ne ya shiga mini ido.

Kwanaki suka yi ta tafiya, wanka safe da yamma, kunun kanwa har ya fita daga raina. Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, zuciya ta ɗebe ni. Na ce to shi ke nan, tunda ba a yi wa ɗana ba, ni zan yi masa da hannuna. Na aika aka samo mini rimi, na ɗauko tsohon matashina, na zauna a tsakar gida inda kowa zai gan ni, ina wani cin magani. Niyyata in zazzage shi in wanke, in cika shi da sabuwar auduga, ya zama na yaro.

Na laluba bakinsa na buɗa naɗin. Sai ga jan zare.

Na matso da shi kusa da idona. Na ƙara buɗawa, na ga ai ba layi ɗaya ba ne. Guntayen jan zare ne birjik a jere, inda aka farke aka sake rufewa, aka farke aka sake rufewa. Wasu sun koɗe sun koma kalar ƙasa, wasu da sauran jansu, na ƙarshen kuwa ja wur, kamar jiya aka ɗinka. Na zura hannu ciki, na ji rimin da ke sama sabo ne, laushi kamar ba a taɓa kwanciya a kai ba. Inna tana madafa ta ba ni baya. Na kwashi matashin na faɗa ɗaki wurin Iya.

Na ce, "Iya, wa ya ɗinka wannan?"

Ta ce, "Aljanu."

"Don Allah Iya, ba wasa nake ba. Ba ke ba ce?"

Ta kalle ni ta kwashe da dariya har da tafa hannu. "Ni? Tun da kike, kin taɓa ganina da allura? Ni da ko zanena ya yage sai dai in ƙulle wurin? Kai, amma an yi doguwar banza. Sai yau kika buɗe?"

Ta jawo ni ta zaunar, ta rage murya. Ta ce ranar da za a kai ni Sheshe yaye, Inna ce ta yanki gefen zanen da take goya ni da shi ta yi matashin, ta cusa shi a cikin kayana ba ta gaya wa kowa ba. Tun daga nan, duk shekara idan rimi ya fashe, sai ta aiko a karɓo shi bayan na tafi makarantar allo, ta ƙara masa auduga, a mayar kafin a taso mu. "Wata shekara kika dawo da wuri kina zazzaɓi, kika yi ta birgima wai an sace miki matashi. Yarinyar da ta je kaiwa ta ruga ta gaya mata. A ranar uwarki ko lomar tuwo ba ta kai bakinta ba."

Na ce, "To wannan sabon fa?"

"Wancan makon, kina barci bayan wanka kina ta minshari kamar an yanka sa."

Ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba. Na yunƙura zan fita wurinta, Iya ta damƙe mini zane. "Ina za ki? Kul! Shekara da shekaru tana rufa wa kanta asiri, ki je ki tona mata a tsakar gida? In kin yi mata godiya ido da ido, kin tsinka ta. Zauna ki share majina." Sai a lokacin na gane ihun da ake yi wa ƙanwata a gindin bango. Ba ita ake koya wa ba.

Na koma na zauna, na ƙara rimin, na nemi jan zare a wurin ƙanwata, na naɗe bakin ciki na rufe yadda na ji ana faɗa. Ɗinkina ya karkace kamar tafiyar kaguwa. Inna ta zo wucewa da tukunya, ta ɗan saci kallo, ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa mutane su riƙa matse ɗinki." Ta wuce abinta.

Ranar tafiya da safe an fitar da kaya zaure, masu rakiya zuwa tashar jirgin ƙasa suna jira. Ina zaune a bakin gado da yaro a cinya, sai ga Inna ta ɗaga labule. Tun da na zo gidan ba ta taɓa shigowa ɗakin ina ciki ni kaɗai ba. Ƙunshi ne a hammatarta. Ba ta dube ni ba. Ta karɓi yaron, ta kwantar da shi, ta kwance ƙunshin tana cewa, "Maigida, ga naka. Ka ga ban kawo ranar suna ba, kada mata su ce na cika rawar kai a kan miji."

Ta warware bargon, ya yi ta warwaruwa har ya rufe gadon ya zubo ƙasa. Iya da ke bakin ƙofa ta ce, "Yau ga ikon Allah. Wannan bargon jariri ne ko na amarya da ango?"

Inna ta ce, "Ai zai girma."

Ni kuwa idona yana kan ƙyallayen. Ga guntun zanen da na yi sallar farko da shi a Sheshe. Ga ɗankwalina mai ruwan goro da fitila ta ƙona wa gefe, wanda Iya ta ce ta yar. Ga rigar da na yi saukar karatu da ita. Duk tsummokaran da na ɗauka sun bi bola, ashe Madabo suke zuwa. A tsakiya kuma ga wani baƙin ƙyalle na rini, irin na matashina sak, ragowar zanen goyon.

Inna ta duƙa a kan yaron tana gyara masa wuyan riga. "Ka ji ko, maigida? An ce garin da za ku ruwa ba ya ɗaukewa. Akwai wadda sanyi yake saurin kamawa a ƙirji tun tana ƙarama, ga ta da shure mayafi cikin barci. Ka riƙa jan bargon nan kana rufa mata. In ta yi maka gardama, ka aiko ka gaya mini."

Na rasa inda zan sa kaina. Sai na kama ɗan yatsan yaron, ni ma na ce masa, "Ka ce wa matarka an gode. Ka ce mata an ga jan zare."

Inna ta kau da kai. Ta ja gefen mayafinta ta goge ido, ta ce hayaƙin madafa ne. Ta miƙe ta kai bakin ƙofa, ta tsaya ba ta juyo ba, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya yi wa waccan albarka." Ban taɓa jin sunan da ya yi mini daɗi kamar waccan ta ranar ba.

Mun daɗe a Kumasi, kuma Allah ya yi na dawo na same ta da rai, muka yi shekaru tare. Har ta bar duniya ba ta kira sunana ba, ni ma ban sake nema ba. Bargon ya rufe ni da 'ya'yana har ya mutu. Matashin kuwa yana nan, jikokina suna yi mini tsiya wai ina ajiyar tsumma. Na gaji allurarta, kuma duk jaririn da aka haifa a layinmu yana samun nasa, da jan zare a baki.

Abin da ranar ta koya mini shi ne kada in yi saurin cewa wane ba ya ƙaunata don bai faɗa ba. Na yi shekaru ina kasa kunne in ji kalma ɗaya daga bakin Inna, alhali kullum a kan amsar nake ɗora kaina in yi barci. Yanzu idan wani ya zo yana yi mini ƙorafin an ƙi shi a gida, nakan ce ya je ya duba abin da ake yi masa a ɓoye tukuna, sannan ya dawo mu yi maganar.