Kwamfuta Ɗaya Na Nishi

A tashar motar Kuje wata mata ce tsaye, tabarau ya zamo mata karan hanci, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Oga Zacharias, na jona manhajar rabon aikin a cikin tamu, amma ba ta yanka taswirar kogin daidai ba," in ji ta. "Kwamfuta ɗaya na nishi, sauran na hamma. Haka za mu yi hasashen ambaliya, ruwa ya riga mu?"

Da ganin idonta, wannan rashin adalcin ya hana ta barci. Ga jakar kwamfuta a hannun dama, kular abinci a hagu, goyo a baya. Wani ƙato na tsaye kusa da ita, da alama maigidan ne, hannuwa cikin aljihu.

Sai ya yi hamma.