Gudun Gola a ƙarƙashin korayen fitilu

Duk Juma'a bayan La'asar, 'yan garinmu mazauna Makka sukan taru a gindin wani bango a unguwar Ka'akiyya, kusa da mai shayi. Ni ɗinki nake yi a Zahir, shekara da shekaru, amma nakan hau mota in je don in ji Hausar gida. Hirar kanta ba ta da wani daɗi. Tun da na san wurin magana guda ake yi, maganar ƙwallo, kuma ba ta yau ba, ta wani zamani da ya shuɗe, wanda yawancin masu ba da labarinsa daga kan katanga suka kalle shi.

Garinmu na bakin iyaka ne. Muna samari sai ga wasu mutane daga ƙasar da ke hayin iyakar, sanye da kwat a tsakiyar bazara, suna Faransanci. Suka ce gasarsu ta yi girma har ƙasarsu ta yi mata kaɗan, za su shigo da garuruwan wannan gefen. Manyan gari suka yi ta gyaɗa kai kamar suna jin abin da ake faɗi. Aka yi mana alkawarin ciyawa da fitilu da rumfar 'yan kallo. Abin da idona ya gani shi ne fenti a jikin bango, da wani ƙaton allon rubuta ci wanda iska ta kayar tun damina ta farko. Motar 'yan wasa takan wuni a bakin iyaka ana duba takardu, su isa fili da yunwa, a lallasa su, su dawo. Kafin damina ta biyu ta ɗauke, masu kwat sun tattara nasu ya nasu, ko sallama ba su yi ba. Awaki suka gaji filin. Wannan ita ce daular da ake zama a yi wa kuka duk Juma'a, a garin da mutum zai iya hau mota ya je ya kalli Ka'aba.

A cikin masu zaman, mutum ɗaya ne ya taɓa sa rigar kulob ɗin. Shi ne mai tsaron raga, kowa Gola yake ce masa har ya yi furfura. Gadin wani bene yake yi a nan Ka'akiyya, yana share matakala, yana hawa da tulun gas ga masu gidajen sama, yana jan ƙafar hagu. Ba ya yawan magana. Masu maganar su ne wani direban bas, wanda muryarsa ta fi ta kowa, da Alhaji Sakatare, wanda ya riƙe wa kulob ɗin takardu a wancan lokaci, yanzu kuma yake nema wa alhazai masauki, yana yi wa Hausawa 'yan uwansa Larabci.

Wata Juma'a na iso na tarar labari ya riga ni. Ɗan wasan gefen kulob ɗin, wanda ba a taɓa yin mai gudu kamarsa a garinmu ba, Allah Ya yi masa rasuwa a gida. Aka yi salati, aka shafa fatiha a gurguje, sai direba ya ajiye kofin shayinsa.

"Wallahi ranar da ya ci mutanen hayi, ni ina bayan raga. Ya ɗauko ta tun daga tsakiya, ya yanke mutum huɗu."

"Shida ne," in ji Sakatare. "Ni na rubuta rahoton wasan, ya akhi. Shida."

"Alhaji, kai da kake cikin inuwa kana shan lemo da masu kwat?"

"Ni na kawo gasar garin nan! Ba don ni ba wa zai san shi?"

Aka yi dariya, aka ci gaba. Kafin shayi ya huce, mamacin ya yanke mutum tara, ya tsallake golansu, ya yi gudun da babur bai kamo shi ba. Akwai wani ɗalibi mai karatun fiƙihu da yakan zauna da mu, shi ne ya ce a ba shi sunan marigayin ya sa shi a addu'a. Laƙabinsa na fili kowa ya sani, amma sunan da ubansa ya raɗa masa, direba ya dubi Sakatare, Sakatare ya dubi wayarsa.

Gola ne ya faɗi sunan, da na mahaifinsa, a hankali. Sannan ya ce, "Da ciwon ya tsananta ya kira ni. Ya ce bai samu zuwa Makka ba, kuma ya san ba zai samu ba. Ya ce in yi masa umara. Na ce masa to."

Ya kamata in faɗi abin da ke tsakaninsu, don ni na ga ƙarshensa da idona. A wani wasa can hayin iyaka, a fili mai marmara, ɗan wasan gaba ya faɗo wa Gola a gwiwa, ƙafar ta juya. Da aka tashi, shugabanni suka ce dole mota ta kama hanya kafin a rufe iyaka, a bar mai rauni, mutanen gasa za su kula da shi. Mutanen gasa kuwa sun riga sun shige motocinsu. Ɗan gefen nan ya sauko daga bas, ya goya Gola a bayansa har asibiti, ya zauna da shi a garin da ba su san kowa ba. Na ga ranar da suka dawo a bayan motar albasa. Kulob ya kori ɗan gefen saboda rashin zuwa atisaye, kuma wanda ya sa hannu a takardar korar yana zaune a gabanmu da farar jallabiya. Daga nan marigayin ya koma gyaran keke a bakin kasuwa, a nan ya tsufa.

"Likita ya hana ni doguwar tafiya," in ji Gola. "Ya ce in gwiwar ta sake kumbura sai aiki. Ba na neman komai a wurinku sai kafaɗa. Mutum ɗaya ya bi ni, in na gaji in dafa."

Umara ga mazaunin Makka ba wani abu ba ne mai wuya. Ka fita Tan'im ka ɗaura harami, ka dawo ka yi ɗawafi da sa'ayi, ka yi aski, kafin azahar kana gida. Amma sai ka ce an ce su ɗauki dutsen Uhudu.

"Ni satin nan dawam ya yi mini yawa, aiki ba tsayawa," in ji direba. "Kafili, uban gidana, ba ya wasa."

"Ba kai ka ce gobe kana hutu ba?" na tambaye shi.

"Malam, hutun nan na gyaran mota ne."

Ɗalibi ya gyara zama ya ce a gaskiya akwai saɓanin malamai a kan yi wa mamaci, sai ya koma ya duba. Na ce masa, "Ɗana, mutumin wasiyya ya bari. Duba littafinka a hankali, ba ma sauri." Shi kuwa Sakatare sai ya buɗe hannuwa kamar mai raba zakka.

"Ma'alesh, ya Gola, abu mai sauƙi. Ina da yara masu tura keke a Harami. Ka zauna abinka a tura ka, halas. Shari'a ta yarda."

Gaskiya ya faɗa, shari'a ta yarda, kuma ni kaina na so Gola ya karɓa. In gwiwar ta tafi, aikinsa ya tafi, don ba mai riƙe maigadin da ba ya hawa bene, kuma iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, a hannun mai benen take. Amma Gola ya dube shi, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Alhaji, shi da ƙafarsa ya kai ni. Ka taɓa ba ni kujera a mota sau ɗaya, ka fasa. Riƙe kekenka."

Babu wanda ya yi dariya. Direba ya kira mai shayi ya ƙaro masa sukari. Ni kuwa na ce zan je. Na girme shi, kafaɗar tawa ma ba ta kirki ba ce, amma ita ce ta samu.

Washegari da hantsi muka isa Tan'im. Muka yi wanka, muka ɗaura harami, ni na yi niyyar tawa, shi ya ɗaga murya ya yi niyya da sunan abokinsa. A mota yana talbiya yana murza gwiwa. Ya naɗe ta da bandeji tun daga gida, har ta fi ɗayar kauri.

Ɗawafi bai ba mu wuya sosai ba. Mun bi ta gefe inda turereniya ba ta da yawa, yana tafiya yana jan ƙafar, bai dafa ni ba sai a zagaye na ƙarshe. Muka yi raka'a biyu, shi a zaune, muka sha Zamzam. Ya zuba kaɗan a tafin hannu ya shafa a kan bandejin.

Sa'ayi ne ya nuna mana shekarunmu. Tsakanin Safa da Marwa tafiya ce miƙaƙƙiya a kan dutse mai sanyi, sau bakwai, babu inda ƙafa za ta huta. Kusa da Safa akwai wurin da aka jera korayen fitilu a sama, inda ake so maza su yi sassarfa. Duk sanda muka iso nan sai maza su zabura, tsofaffi da yara, masu tumbi da ramammu, su wuce mu ta dama da hagu. Gola yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da jan ƙafa. Na ce masa sassarfar ba dole ba ce, mai uzuri babu komai a kansa. Ya ce ya sani. Daga zuwa na uku hannunsa bai bar kafaɗata ba, ina jin nauyinsa yana ƙaruwa, ina jin numfashinsa. A na biyar muka tsaya ya jingina da bango, gumi na zuba daga gemunsa. Wani yaro mai keke ya matso yana cewa "Ya hajj, ya hajj," Gola ya girgiza masa kai.

Da muka sauko daga Safa a zuwa na ƙarshe, fitilun suna gabanmu, sai ya tsaya.

"Malam, wannan umarar ta wa ce?"

"Tasa ce."

"To ka taɓa ganin ya bar wani ya wuce shi?"

Kafin in ba shi amsa ya saki kafaɗata. Ba zan kira abin da ya yi gudu ba a gaban wanda ya san gudu. Ƙafar dama tana tsalle, ta hagu tana biyo ta a karkace, mayafin haraminsa ya zame ya riƙe shi da hannu ɗaya, kansa a sama. Mutane suka dare masa. Na bi shi da nawa ɗan saurin ina kiran sunan Allah. Bai faɗi ba sai da ya fita daga ƙarƙashin fitila ta ƙarshe, nan ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar ya kama ƙwallo.

Sauran tafiyar zuwa Marwa ita ce mafi tsawo. Wani bawan Allah baƙo, wanda ba mu jin yaren juna, ya kama shi ta ɗaya gefen, muka kai shi tsakaninmu, ƙafar ba ta ko taɓa ƙasa sosai. A kan Marwa ya fuskanci alƙibla ya yi addu'a mai tsawo. Da wanzami ya gama yi masa aski, ya shafa kansa ya ce, "Na sauke."

Gwiwar ta kumbura kamar yadda likita ya faɗa, aka yi masa aiki. Mai benen ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya kawo wani. Allah Ya sa wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi gadin sito, inda babu matakala, iƙamarsa ta koma hannun ɗan kasuwar, amma wurin yana da nisa, kuma da sanda yake tafiya yanzu. Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce shi dai yanzu yana barci.

Bai ƙara zuwa gindin bangon ba. Ni na koma sau ɗaya, na tarar da baƙi sababbin zuwa daga gida, direba yana tsakiyarsu yana ba da labari.

"Ai mu ba ma manta namu. Da ya rasu, nan da nan muka tashi muka yi masa umara. Ku tambayi Alhaji."

"Sahih," in ji Sakatare. "Ni na tsara komai."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce Allah Ya saka da alheri, ya tambayi sunan marigayin. Na tsaya da kofina a hannu, na jira. Direba ya yi tari, ya ce ai wannan yaro, ranar da ya ci mutanen hayi, mutum goma sha ɗaya ya yanke. Na ajiye wa mai shayi kofinsa, na tafi neman motar Zahir tun ba a kira Magariba ba.