Inshorar Gidan Man Gyaɗa

Yayata ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har yau da furfura ta fara fito mini ba ta kira na da wani suna sai Auta. Tun ina ƙarami na san ta da ƙamshin soyayyar gyaɗa a jikin zaninta. Da aka kai ta gidan miji a Birnin Kudu, da turmi da kasko ɗaya ta fara yin mai da ƙuli-ƙuli, tana sayar wa maƙwabta a kwalba. Mijinta manomi ne, gonarsa tana can wajen Sundimina, mutum mai sanyin hali. Ba ya shiga harkarta, sai dai in ya cire gyaɗa ya kawo ta yi ciniki da shi kamar yadda take yi da kowa, wani lokacin ma ta taya masa ƙasa da na kasuwa, ya yi dariya ya sallama.

Shekara da shekaru abin ya bunƙasa. Ta sayi injin markaɗe, ta kafa rumfar kwano a bayan tsakar gida, ta jera murahu, ta ware ɗaki guda na buhunan gyaɗa da jarkokin mai. Matan unguwa suka riƙa zuwa suna taya ta aiki tana biyan su: mai tsince gyaɗa, mai murza tunkuza, mai suya. Ni kuwa ina koyarwa a wata makaranta a Gwaram, sai ƙarshen mako nake leƙo ta, in ci tuwonta in koma da ƙuli-ƙuli a leda.

Abin da ya tayar da maganar inshora gobara ce da aka yi a unguwarsu. Wani tela ne da yake ɗinki a zauren gidansa. Ana dab da Sallah aka kawo wutar lantarki da ƙarfi da rana tsaka, shi yana masallaci, kafin a ankara kekunansa da yadukan mutane sun ƙone ƙurmus. An yi masa karo-karo, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, amma bai tashe shi ba. Mutumin da yake da masu koyo a ƙarƙashinsa ya koma ɗinki a shagon wani. Yaya ta je yi wa matarsa jaje, ta dawo ta zauna a bakin rumfarta tana kallon murahu.

Da na zo a wannan makon, ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Auta, wannan abin da ake cewa inshora, ta mota ce kawai, ko akwai ta masu sana'a irina?"

Na gaya mata gaskiya, ni ban san wata ba sai takardar da muke yanka wa babur don kada a tsare mu a hanya.

"To ka tambayo. Kai ne mai yawo cikin mutane."

Na tambayo. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wakilin wani kamfani, ya zo har gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni da mijin Yaya muka zauna da shi, ita kuma ta tsaya a bayan labule tana ji. Ya yi bayanin inshorar gida, ya ce ita ce mafi araha: in gobara ta tashi ko iska ta yaye rufi, kamfani zai biya gyara. Mijin Yaya ya fara gyaɗa kai, ni ma na ga abin ya yi. Sai muryarta ta fito daga bayan labule.

"Malam, gidan da kake faɗa, har da rumfar da nake hura wuta kullum a ƙarƙashin mai? Har da injina?"

Mutumin ya ce, "A'a, Hajiya. Gara in gaya miki tun yanzu. Wannan ta gidan kwana ce. In ana sana'a a ciki, dole a faɗa, a yi mata tata daban, kuma ta fi tsada. In aka ɓoye, wuta ta tashi daga wurin suya, ba za a biya ba."

"Allah ya saka maka da alheri da ka faɗa," in ji ta. Ta aiko masa da kwalbar mai, ta ce za ta yi shawara.

Shawarar da take nufi ta Kawunmu ce, ƙanin mahaifiyarmu, malami mai makarantar allo a Farin Dutse. Yaya ba ta sa kuɗinta a abin da zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, kuma ta ji ana cewa inshora caca ce, wasu na cewa rashin tawakkali ne. Ta biyo ta Gwaram ta ɗauke ni muka tafi tare. Muka tarar da Kawu a gindin bishiya yana duba rubutun ɗalibai. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

Ya ce maganar tawakkali ba ita ce matsalar ba, don wanda ya yi wa rumbunsa jinka kafin damina bai raina Ubangijinsa ba. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne inda kuɗin suke tafiya, da kuɗin ruwa, da sayen abin da ba a san ko za a samu ba. Ya ce ya ji akwai wani tsari da ake kira takaful, wanda jama'a suke zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗebo a taimake shi, masu kula da asusun su ɗauki ladan aikinsu. "Amma ni ban ga takardarsu ba," in ji shi, "kuma ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. In kin samo, ki aiko Auta ya karanta mini ita daga farko har ƙarshe." Haka aka yi daga baya. Na karanta ina fassara masa, yana tsayar da ni yana tambaya, har la'asar ta yi. Ya ce bai ga abin hanawa ba.

Wakiliyar masu takaful mace ce, daga Dutse ta zo, don haka ta shiga har cikin gida. Wannan ya yi wa Yaya daɗi ƙwarai. Ta zagaya da ita ko'ina, ta nuna mata injin, da ɗakin ajiya, da wayar wutar da ta tsufa, har da tarin itacen da yake jingine kusa da murhu, ba ta kawar da komai ba kafin zuwanta. Matar ta ce dole a matsar da itacen, a canza wayar, a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara. Sannan suka zauna a tabarma ta lissafa mata abin da za a iya yi wa kariya: gobara a kan inji da kaya, sata, haɗarin kaya a hanya in an ɗauka zuwa kasuwa, da rauni ga masu yi mata aiki.

Ƙarfin Yaya bai kai ta ɗauki duka ba, biyu za ta iya. Gobara babu gardama a kanta. A ta biyun ne muka rabu. Ni na ce sata, don na san yadda mai ya yi tsada, jarka ɗaya ma in ta tafi an ji jiki. Mijinta ya ce hanya, don ya sha ganin motocin kasuwa a kife tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ta ji ta kowa, sannan ta juya ga matar.

"Wannan ta masu aiki, in mai ya zubo wa ɗaya a jiki, me za ku yi?"

"Za a biya kuɗin asibiti har zuwa iyakar da aka rubuta, da wani abu na kwanakin da ta yi ba ta aiki."

"In ita ce ta yi ganganci fa?"

"In dai a bakin aiki ne, ba da gangan ta yi ba, za a biya."

"In 'yarta ce ta zo taya ta, ba ita ba?"

"Wannan babu, Hajiya. Sai wadda aka rubuta."

Yaya ta ce a rubuta mata wannan. Na ce, "Yaya, ɓarawo fa?" Ta ce, "Auta, in an saci mai, na yi asara, in yi kuka in sake soya wani. In ƙafar 'yar mutane ta ƙone a gidana, me zan soya in mayar mata?"

Ba ta bari an rubuta kowa ba sai da ta tara matan ta yi musu bayani. Wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, wadda ta fi kowa daɗewa a bakin kaskon, ta tafa hannu ta ce, "Yau ga sabon salo! Fatan tsiya kike yi mana tun muna lafiya?" Aka yi ta dariya. Yaya ta lallashe ta, ta ce ba ko sisi da za a cire daga ladan kowa. Gwaggo ta yarda, amma ta ce ita dai a rubuta cewa ba da son ranta ba. Tun daga ranar kuma Yaya ta hana kowa tura 'yarta bakin murhu a madadinta.

Shekara ta zagayo ba abin da ya faru, ta sake biya. Mijinta yakan tsokane ta, ya ce ta samu gonar da ake shuka ba a girbi. Takan ce ai fatanta ke nan.

A shekara ta biyun ne, wata safiya da damina, ƙasar gindin murhu ta jiƙa, dutse ɗaya ya goce, kasko ya karkata. Wadda take suya a lokacin matar wani mai faci ce, yarinya mai ƙananan 'ya'ya. Tafasasshen mai ya kwarare mata tun daga ƙauri har tafin ƙafa. Ba na nan, amma an ba ni labari cewa Gwaggo ce ta riƙe ta tana zuba mata ruwan randa, tana hana masu cewa a shafa ƙwai da gishiri, har aka samo keke-napep aka kai ta babban asibitin garin. Yaya ta biya duk abin da aka nema daga jakarta, tana adana rasit, ta kira wakiliyar tun suna bakin asibiti.

Ba zan ce biyan ya zo da sauƙi ba. An nemi takardar likita, an dawo da ita an ce babu hatimi, an sake kaiwa. Yarinyar ta fito daga asibiti ta fara takawa da sanda, kuɗi ba su fito ba. Yaya, wadda ba ta cika fita ba, ta sa hijabinta ta ce in raka ta Dutse. A ofishin ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta ce ita ba ta zo faɗa ba, ta zo ne ta ji inda maganar ta tsaya, kuma ba ta da wani aiki yau sai wannan. Aka duba, aka ba ta haƙuri, bai daɗe ba kuɗin suka fito. Sun biya asibiti da wani ɓangare na kwanakin jinya. Man da ya zube da kaskon da ya tsage ba su biya ba, tunda ba gobara aka yi ba, ita ma ba ta nema ba. Kuɗin kwanakin ta kai wa yarinyar har ɗakinta, ta ƙara mata da nata. Da ta warke ta dawo aiki, aka mayar da ita wurin tsince gyaɗa, murahun kuma aka gina su da bulo da siminti.

Labarin ya bazu, har wata ƙungiyar mata masu sana'a a Maruta ta aiko tana son Yaya ta zo ta yi musu bayani. Ta ƙi sau biyu, ta ce ita ba malama ba ce. A na uku ta yarda, na raka ta, na zauna a waje kusa da taga. Suka yi ta tambayar wace inshora za su yanka. Ta ce ba za ta zaɓar wa kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata mai kiwon kaji ta matsa mata, ta ce, "Ni ban san kaji ba, 'yar'uwa. Ki koma gida ki zauna ki duba abin da in ya same ki ba za ki iya tashi ke kaɗai ba. In masu inshora sun zo, ki fara tambayar su abin da ba sa biya." Wata ta ce ita ba ta da halin biyan ko ɗaya. Yaya ta ce to ta matsar da itace daga bakin wuta, wannan kyauta ne.

Da muka fito, mata suka biyo ta har bakin mota suna yi mata godiya, ita kuwa duk kunya ta kama ta, tana ta jan hijabi. Muna isa Gwaram ta ce a tsaya, ta ji an ce sabuwar gyaɗa ta shigo. Ta daɗe tana ɓare ƙwaya tana taunawa, tana ja-in-ja da mai kaya, har ya gaji ya sallama mata buhu biyu. Ta sa ni na tsaya a kansu ina gadi, ita ta tafi neman mai ɗauka.