Haihuwar Gudidi

Babanmu mai yankan gilashi ne. Shekara talatin da 'yan kai yana auna tagogin mutane, kuma babu yatsa ɗaya a hannunsa da ba shi da tabo. Aibinsa guda ne, ba ya iya zubar da guntun gilashi. Duk ragowar da ta fi tafin hannu sai ya jingine ta a bayan shago, wai wata rana za ta yi amfani. Da guntayen suka hana shi wurin ajiye ƙafa, sai ya haɗa biyar da gam ya yi akwati, ya zuba ruwa ya ga ba ya yoyo. Akwatin ruwa kuwa ba kifi abin dariya ne, don haka ya sayo kifi. Da haka aka fara.

Kafin in gama firamare falonmu ya koma rabin kogi. Tanki shida jere a kan kanta, injin iska na ta ɓurɓuro kumfa, baƙo ya zo ya rasa ko kujera zai kalla ko bango. Mama, wadda ta yi aikin karɓar haihuwa a asibiti har ta yi ritaya, ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba.

"Malam, kifin da ba a soyawa, ba a miya da shi, mene ne sunansa in ba ɗawainiya ba?"

"Sista, ke dai ba ki da ido ne," haka yake ba ta amsa kullum.

Shekara ashirin yana kiwon ƙananan kifayen nan masu wutsiya kala-kala da ake kira gupi, har ya ɗauka ya gama sanin kifi. Sai wani tsohon malamin kimiyya da Baba ya taɓa sa wa gilashin taga ya aiko a kira shi. Jiki ya ƙi, zai koma gidan 'yarsa, ita kuma ta ce ba ta da wurin tanki. Ya miƙa wa Baba bokiti da kifi biyu, mace da namiji, gajeru masu kauri, ba wani kyan a zo a gani. Ya ce sunansu gudiyid, asalinsu wasu tafkuna ne na wata ƙasa mai nisa, kuma shi bai san wani mai irin wannan zuriyar ba. Kada a haɗa su da wasu, kada ruwa ya yi zafi. Ya ƙara da cewa macen ba kamar gupi ba ce da ke ta haihuwa daga haɗuwa ɗaya. Ita kowane ciki sai da namiji.

Mama ta leƙa bokitin, ta kasa faɗin sunan, ta ce, "Wannan gajerar ai Gudidi ce." Sunan ya bi ta.

Sati uku da zuwansu namijin ya yi tsalle ya faɗo bayan kanta. Mai yankan gilashi guda, amma tankinsa ba murfi! Na so in yi masa tsiya, da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Wallahi ya ba ni tausayi. Abin da ya rage kawai shi ne cikin da Gudidi ke ɗauke da shi. In 'ya'yan suka rayu, aka samu namiji a ciki, amanar malamin ta tsira. In ba haka ba, zuriya ta ƙare a falonmu.

Baba ya yanka murfi har biyu. Ya riƙa dawowa daga shago da azahar don ya tsoma yatsa ya ji ruwa. Gudidi kuwa ta yi ta kumbura, cikinta ya zama kamar kusurwar akwati, tana cin ganyen da yake dafa mata ba ko godiya.

Wata safiya ina haɗa shayi na ji ya ƙwala kira.

"Auta! Zo da gudu, ta haihu!"

Na tarar da 'ya'ya tara, manya-manya, kowanne ya kai tsawon farce, ba irin ƙurar da gupi ke zubarwa ba. Murnar Baba ba ta kai minti ɗaya ba. Ya manna fuska a gilashi, sai na ga ya ja da baya. A ƙarƙashin cikin kowane ɗa akwai wasu abubuwa farare kamar zare suna reto.

"Tsutsa ce," ya ce. "Duka sun kamu. Na taɓa ganin irinta a gupi, cikin sati ɗaya ta share mini tanki."

Ya jawo durowa ya ɗauko kwalbar maganin tsutsar kifi. Bai tsaya ƙirga ɗigo ba, ya cika murfin kwalbar fal. Daidai nan Mama ta shigo da tsintsiya.

"Me za ka ɗura wa jarirai da sassafe?"

"Sista, ba fanninki ba ne."

"Haihuwa ce ko ba haihuwa ba? Matsa in gani."

Ta sa tabarau, ta durƙusa, ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa hannu ba tare da ta waiwayo ba, ta karɓe murfin ta ba ni.

"Tsutsa tana motsi da kanta. Wannan ruwa ne ke kaɗa shi. Kuma wace irin tsutsa ce za ta kama tara a wuri ɗaya, tsawo ɗaya? Malam, cibiya ce. Ta nan suka ci abinci a cikin uwarsu."

"Kifi da cibiya?"

"To ta ina ka ɗauka suka yi wannan ƙiba? Amma ba laifinka ba ne. Haihuwa biyar na yi maka, duk kana waje kana duba tagogin asibiti wai ba a sa su daidai ba. Ina za ka san cibiya?"

Na yi dariya har na kusa ɓarar da maganin. Baba bai yi ba. Ya kira malamin a waya, shi kuma ya ce haka suke zuwa duniya, mantawa ya yi bai faɗa ba, a ƙyale su kawai. Kwana biyu zaren ya ɓace, ba wanda ya mutu.

Saura namiji. Alamarsa 'yar tsaga ce a fiffiken da ke ƙarƙashin ciki, kuma ba ta fitowa da wuri. Kusan wata biyu iyayena suna durƙuso gaban tanki suna musu, tabarau ɗaya na yawo tsakaninsu. Mama ce ta fara gani.

"Ga ɗaya. Ga na biyu can bayan dutse. Samari biyu ka samu."

Baba ya duba, ya sake dubawa, sannan ya zauna a ƙasa daɓas ya share ido da bakin riga. Can ya kalle ni, ya juya wajen Mama.

"Sista, ita cibiyar Auta, kwana nawa ta yi kafin ta faɗi?"

"Shida," in ji Mama. "Shekara ashirin da bakwai ke nan, sai yau aka tambaye ni."