Kanwa a Ruwan Anasara

A shekarun da aka fara harkar siminti a Malbaza, ina da ɗan kanti a Ƙonni, ina sayar da kananzir, sabulu, fitilu da duk abin da mota ta kawo. Wani anasara injiniya ya kama gida a bayan gari, ya sa aka haƙa masa kwarmin wanka na siminti, wanda suke kira pisin. Ni nake kawo masa farin garin maganin da ake zubawa a ciki, mai warin jabel ɗin wanke tufafi. Ta dalilinsa sauran anasaru da ma'aikatan buro, wato ofis, suka fara sayayya wurina. Na san ranar da ya ce kayana ba su da kyau, duk za su watse.

Da zafi ya shigo, sai ya aiko a kira ni. Na tarar da ruwan ya yi fari kamar an dama farar ƙasa, gefensa ya fara kore. Ya ɗebi ruwan a ƴar kwalba, ya ɗiga wani magani, ruwan ya koma ja wur. Ya ce in ruwa yana daidai, launin ba ya kai haka. Sannan ya buɗe gwangwanin maganin da na kawo, ya murza garin da yatsa, ya dube ni.

"Ka haɗa da alli?"

Na ce, "Mushe, ban buɗe shi ba sai a gabanka."

Bai ce ƙarya nake ba, amma ya ce zai tambayi farashi a Yamai. Na gane wani mai sayarwa zai nema.

Na koma kanti ina lissafa mutane. Na fara zargin wanda yake sayar mini a Sakkwato, don ya taɓa cusa mini fitilu masu yoyo. Sai na zuba garin a bokitin ruwan rijiyata, ya kwana garau. Na koma kan maƙwabcina mai kanti, wanda ya daɗe yana hangen cinikin nan, har na daina shan shayinsa. Kukun gidan anasaran ma, da ya gaishe ni da fara'a a hanya, sai na ce a raina fara'ar ta yi yawa.

Ranar kasuwa na tsaya wurin wata tsohuwa mai kanwa, zan saya wa jakina. Tana auna mini ta ce, "Kai da ke shiga gidan anasara, shanu nawa gare shi?"

"Ko akuya ba shi da ita, Inna."

"To mai gadinshi mi yake yi da kanwa? Ko wace kasuwa sai ya cika taiki. Na ce ko tsohon ya koma kiwo."

Washegari da hantsi, lokacin da na san mai gidan yana wurin aiki, na tafi. Mai gadin dattijo ne mutumen Bazaga, ya yi kiwo har fari ya cinye masa dabbobi. Na same shi tsugune a bakin ruwan, yana farfasa jar kanwa da dutse yana watsawa. Bai ko ɓoye ba.

Na ce, "Baba, wa ya sa ka?"

"Wa zai sa ni? Kai ba ka ga idanun ɗiyan mai gidan nan ba in sun fito daga ruwan? Ja zur kamar gauta. Gubar nan taka ce. Mu ko shanu munka kai rijiyar da ba mu yarda da ita ba, kanwa muke sa musu."

"Ɗiyan anasara ba maruƙa ba ne, Baba."

"Maraƙi ya fi su jin magana."

Na ɗebo ruwa bokiti biyu, na zuba magani a kowanne, na jefa kanwa a ɗaya. Muna zaune mai kanwar ya fara yin fari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sai ka hwaɗa mishi ya kore ni."

Na ce ba zan kai maganar ba, amma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Sharaɗina ɗaya, taikin nan ya bar gidan yau. Na aza shi a kan jakina.

Na roƙi anasaran ya sake rabin ruwan, ya bar ni in riƙa zuba maganin da hannuna. Kafin kasuwa ta zagayo, ana ganin siminti a ƙasan kwarmin, kwalbarsa ma ta daina yin ja. Ban rasa cinikina ba. Amma bai taɓa tambayata abin da ya faru ba, kuma na san dalili: ya riga ya yanke cewa na sauya mugun kaya da nagari don ya kama ni. Har ya bar ƙasar, duk gwangwanin da na kawo sai ya buɗe a gabana, ya murza, ya sunsuna.

Ni ma duk sanda na shiga gidan, kafin in gaida tsohon, sai idona ya fara zuwa kan aljihun rigarsa.