Na ce kaina yana motsi, sai aka tafi da ɗiyata

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayata, ku yi haƙuri. Da girmana na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri, maganar kuma tana da nauyi.

Ɗiyata Saudatu tana wata uku na fara jin wani ƙugi can ƙasa-ƙasa, kamar injin ban-ruwa daga nesa. Na ɗauka daga gonakin rani na bayan Mafara yake zuwa. Maigidana ya tsaya tsakar gida ya kasa kunne, ya ce bai ji komai ba. Maƙwabta ma haka.

In na toshe kunne, sai ya ƙaru.

Surukata ta zo daga Maradun, ta ga na rame, ta tambaye ni abin da ke damuna. Ban san sunan abin ba. Na ce, "Inna, kaina ne ke motsi."

Ƙugin nake nufi. Ita kuwa ta ɗauka na motsu, hankalina ya taɓu.

Aka yi mini hayaƙi, na sha rubutu. Daga baya Inna ta ce nonona zai cutar da yarinya. Ta goya Saudatu ta nufi tasha. Na bi su har bakin titi ba takalmi. Kukan da na yi a ranar ya ƙara tabbatar musu.

Wata biyar ban ga ɗiyata ba.

Yayata ce ta sayar da akuyarta ta kai ni asibiti. Aka auna jinina, aka leƙa kunnena, aka tura ni Gusau. Can aka sa mini abin sauraro, aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji sauti.

Likita ya ce irin wannan ƙugin, wani daga injuna ne ko taransifomar wutar lantarki, kunnen wasu ke kama shi, na wasu bai kamawa. Wani daga cikin kunne yake. Wani kuma hawan jini ne, nawa kuwa ya hau sosai. Ya hana ni kunun kanwar da nake sha tun jego, ya rubuta magani.

Ya ce, "Maman Saudatu, hankalinki lafiya lau."

Na roƙe shi ya rubuta mini haka da Hausa. Na kai takardar Maradun, ni da kaina na karanta wa Inna. Sai ta kwance goyon, ta miƙo mini Saudatu.

Ƙugin ya ragu, wata rana ma ba na jinsa. Amma nonona ya ƙafe. Saudatu in na miƙa hannu sai ta juya tana neman kakarta.

Na gode wa Allah, na gode wa yayata da likitocin. Inna ma ban riƙe ta ba, tsoro ta ji.

'Yan'uwa mata, in kun ji ƙarar da kowa bai ji ba, ku je a auna jininku, a duba kunnenku. Ku kwatanta abin dalla-dalla. Dangi kuma, kafin ku raba uwa da jariri, ku bari likita ya gan ta.

Jiya Saudatu ta karɓi kunu daga hannuna. Cokali uku ta sha, ba ta yi kuka ba.